Katakan Ski Ɗin da Yayana Ya Zaɓa wa 'Yata

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na Landan, wasu na manta su kaf, wasu ina tuna su sama-sama. Amma maganar katakan ski ɗin da aka sayo wa 'yata, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun shuɗe, yarinyar ta girma har ta shiga jami'a, amma yanzu haka da na zauna rubuta labarin sai da na ji zuciyata ta fara tafasa kamar jiya abin ya faru.

Bari in fara da yadda aka yi 'yar Hausawa ta shiga wannan wasa, don na san tambayar da za a fara yi mini ke nan. A Lewisham muke zaune, ni da maigidana da 'yarmu tilo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shi kuma yana koyarwa a wata kwaleji. Tana shekarar farko a sakandare makarantarsu ta kwashe su zuwa wani tudu a bayan gari da aka shimfiɗa wa wata irin tabarmar roba mai santsi, inda ake koya wa yara zamiya kamar a kan dusar ƙanƙara. Shi ski ɗin ba wani abu ba ne illa katakai biyu dogaye sirara, a ɗaura wa mutum ɗaya a kowace ƙafa da wani jibgegen takalmi, ya riƙe sanduna biyu ya gangaro. Ranar ta dawo gida gwiwa a kurje, baki har kunne. Na ɗauka ɗoki ne na kwana biyu. Ashe an shiga ke nan.

Kafin a jima ta shiga kulob, kuma abu biyu suka ɗauke mata hankali. Na farko tseren da suke kira slalom, inda ake kafa sanduna a jere daga saman tudu har ƙasa, mutum ya gangaro a guje yana kewaye su hagu da dama. Na biyu shi ne park, wani gefe da aka yi wa tudun tsalle da akwatuna da ƙarafa, yara su tashi sama su juya su dira. Ni dai na farkon na fi so, don ƙafarta na ƙasa. Amma ita in tana zancen na biyun har idonta ƙyalli yake yi. Yarinya ce mai shiru, a aji ba ta da baki, sai a kan tudun nan na ga ta zama mutum.

Kocinsu wata Baturiya ce 'yar Scotland, gajeriya, mai murya kamar ta kwandasta, ba ta iya ɓoye magana ba. Ita ta tare ni wata Asabar ta ce katakan haya sun yi wa yarinyar kaɗan, lokaci ya yi da za ta mallaki nata. Ta ƙara da cewa an zaɓe ta cikin waɗanda kulob zai kai duwatsun Faransa a hutun Fabrairu, kuma duka gasa biyun za ta shiga. A lokacin shekarunta goma sha huɗu.

To matsalar ita ce katakon tsere daban, na tsalle daban. A kicin ta zaunar da ni ta yi mini bayani, don ni a wurina katako katako ne. Ta ɗauko wuƙar da nake yanka albasa ta ce kamar haka na slalom yake: tauri gare shi, gefensa da kaifi don ya kama ƙanƙara in an sha kwana, ƙugunsa siriri, wutsiyarsa kuma a kwance take a ƙasa, gaba kawai ya sani. Na park kuwa gaba da baya duk a lanƙwashe suke sama kamar kwale-kwale, ga laushi, don in mutum ya juya a iska ya dira da baya sai ya ci gaba da tafiyarsa. Na ce to a nemo kowanne mana. Ta yi dariya ta ce in gwada ɗaukar katakai huɗu da takalma da hular kwano a bas da jirgin ƙasa in gani, ga shi kuma rana ɗaya ake horon biyun. Ita da kocin sun riga sun zauna sun samo na tsakiya: mai lanƙwasa gaba da baya, amma da tauri a ƙarƙashin ƙafa, ƙugu ba faɗi, a kafa maɗaurin takalmin ɗan baya kaɗan da tsakiya. Kocin ta gaya mata ƙiri-ƙiri cewa ba zai kamo na tsere zalla a gudu ba, amma a matakin da take ya ishe ta, kuma ba zai ci amanarta a ko wane ɓangare ba. Hotonsa yana wayarta, kullum sai ta buɗe ta kalla.

Ana cikin haka Yayana ya iso daga Abuja a watan Disamba. Shi ne babba a gidanmu, ɗan kasuwa ne, yana da ɗan gida a wani bene a wajen Edgware Road da yake sauka in ya zo ganin likita ko hutu. Tun rasuwar mahaifinmu shi ya riƙe ni, shi ya kai ni makaranta, shi ya aurar da ni. Ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba. 'Yata kuwa sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka Uwata yake kiran ta, kuma ba ya zuwa hannu rabbana.

Muna cin abinci a gidanmu ya ji ana zancen katakan. Ya ajiye cokali ya ce, “Wannan ai nawa ne. Ba wanda zai saya wa Uwata sai ni.”

Murna wajen yarinyar ba a magana. Ta tura wa ubanta hoton, ta maimaita masa sunan katakon har sai da ya ce ya haddace. Ranar da za a je kantin tana makaranta, ni ina aikin safe, don haka maigidana ne ya raka Yaya, ya tafi da takalminta guda a leda saboda a gwada maɗauri. Wani kantin kayan wasanni ne a kusa da Aldwych.

Da yamma suka dawo da doguwar jaka. Ta durƙusa a tsakar falo ta zuge zif, sai ga katakai jajaye wur, suna sheƙi, kyau kamar a lashe. Amma ba ta yi ihun da na zata ba. Ta shafa ɗaya tun daga kai har wutsiya, ta tsaya a nan. Da Hausarta mai ɗingishi ta ce, “Kawu, ba wannan ba ne. Wutsiyarsa ba ta tashi ba.”

Yaya ya yi dariya. “Sabon yayi ne, Uwata. Wanda kika nuna ya kwana biyu. Mai kantin da bakinsa ya ce wannan ya fi, komai yana yi, da tseren da tsalle-tsallen naki. Duba nan, ai ga shi ta ɗan tashi.”

Ta duba. Akwai ɗan tashi, bai fi farce ba. Sai ta juya ta kalli ubanta. “Abba, haka ya ce?”

Maigidana yana kallon wayarsa ya ce, “Haka ne.”

Shi ke nan. Ta yarda. Ni kuma da ban san komai a harkar ba na ce ta yi wa Kawu godiya, ta yi, har da rungume jakar. Duk lokacin da na tuna wannan zama sai in ji kamar in yi ihu. Manyan maza biyu, ɗaya da furfura ɗaya da digiri, suka dubi yarinya ƙarama da ta faɗi daidai, suka sa ta ƙaryata idonta.

Ba a jima ba aka shiga hutun ƙarshen shekara, kulob a rufe, kocin ta tafi garinsu, don haka ba wanda ya san kan abin da ya ga katakan. Ta dame ni sai ta gwada su. Wata Lahadi na kai ta wani katafaren gini a arewa da Landan, inda ake da tudu na dusar ƙanƙara ta inji a cikin ɗaki. Na zauna a wurin shan shayi, ina hango ta ta gilashi. Da farko gangarowa kawai take tana shan kwana, kuma ko ni da ban iya ba na ga bambanci, kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Ta ɗago mini hannu, na ɗaga mata. Sai na ga ta nufi gefen tsallen.

Ƙaramin tudu ne, wanda ta sha hawa ba adadi. Ta taho, ta tashi, ta juya rabi a iska don ta dira da baya kamar yadda ta saba. Tana dira wutsiyar katakon ta cake a cikin dusar kamar an kafa garma. Jikinta ya wuce, ƙafa ta tsaya. Katako ɗaya ya fita, ɗayan bai fita ba, ya murɗe da ita. Ta gilashi ba a jin sauti, don haka ban ji ƙararta ba, bakinta kawai na gani a buɗe. Ban san yadda aka yi na isa wurin ba, da takalmin gida, ina zamewa ina tashi. Ina ganin yadda ƙafar ta kwanta na san me ya faru, aikina ne. Ƙashin ƙwaurinta ya karye.

A motar asibiti tana riƙe da hannuna, haƙoranta na kaɗawa, abin da take ta maimaitawa shi ne, “Umma, ni na yi kuskure, ban dira daidai ba. Kada a gaya wa Kawu, zai ji ba daɗi.” Ku ji fa. Ita ke kwance da karaya, ita ke tausayin wanda ya jawo mata.

Maigidana ya iso asibiti fuska ta yi fari fat, ya kasa haɗa ido da ni. Na ɗauka tashin hankali ne. Yaya ma ya zo da kwandon kayan marmari, ya dafa kanta ya yi mata addu'a, ya ce, “Allah Ya kiyaye gaba. Dama wasan nan ni bai taɓa kwanta mini ba.” Aka yi mata aiki aka naɗe ƙafar tun daga yatsu har cinya. Zancen Faransa ya mutu a nan. Ranar da 'yan kulob suka turo mata gaisuwa ta juya fuska bango, ta ƙi cin abinci.

Bayan sabuwar shekara kocin ta dawo, ta zo duba ta har gida. Katakan suna jingine a bayan ƙofa, tun ranar ba wanda ya taɓa su. Tana shigowa ta ci birki a gabansu. Ta ɗaga ɗaya ta juya shi, ta dube ni.

“Da wannan ta shiga park?”

Na ce eh, ai mai kantin ya ce komai yana yi.

Fuskarta ta yi ja. Ta ce wannan katakon tsere ne zalla, na manyan 'yan gasa, kuma babu mai sayar da ski da ya san aikinsa da zai ce a dira da baya a kansa. In har wani ya faɗi haka, to bai kamata ya sake kwana a bakin aikinsa ba.

Ba ta gama rufe baki ba na ji kaina ya ɗau wuta. Washegari ban da aiki. Na saka hijabina, na saɓa jakar katakan a kafaɗa, na hau bas. Jakar ta fi ni tsawo, ina bugun kujeru ina bugun mutane, ko sannu ban ce wa kowa ba. Tun daga Lewisham har muka haye kogi ina shirya maganar da zan gaya wa mutumin nan, da Turanci da Hausa. Na yi niyyar sai na ga manajansu, sai na kai ƙara duk inda ake kaiwa.

Na shiga kantin na dire jakar a kan teburinsu da ƙarfi har wata mata ta ja da baya. Na ce ina wanda ya sayar da wannan? Aka kira shi, wani dogo mai gemu. Ban bar shi ya gaishe ni ba. Na ce 'yata tana kwance da karaya saboda ƙaryar da ya yi don ya sayar da kaya mai tsada. Na faɗi maganganu da yawa, mutane sun tsaya suna kallo.

Ya bari na gama. Ya zuge jakar ya duba, sai na ga jikinsa ya yi sanyi. Ya ce ya tuna, maza biyu ne, ɗaya da doguwar farar riga da hula, sun zo da takalmi guda a leda. Ya ce ƙaramin ya nuna masa hoto a waya, ya ɗauko musu wanda ke hoton. Sai babban ya tambaye shi wanne ne ba a iya tsalle da shi. Ya nuna masa wannan, ya gaya masa na tsere ne kawai, haɗari ne a shiga park da shi, ya kuma maimaita. Har ya ba shi shawarar in yana so ya ɗauki biyun. Babban ya ce a'a, wanda ba ya tsallen shi yake nema, don yarinyar ta bar wancan wasan. Shi mai gemun ya ɗauka an riga an yi maganar da ita a gida.

Na ce, “Ɗayan fa? Me ya ce?”

Ya ce, “Bai ce komai ba, madam. Yana tsaye.”

Ban san lokacin da na zauna a kan bencin gwada takalma ba. Mutumin ya kawo mini ruwa, yana ta tambayar jikin yarinyar. Na ba shi haƙuri a gaban duk waɗanda suka ji na zage shi. Na fito titi, motoci na wucewa, 'yan jami'a na ta kai da kawowa, ni kuwa ko gabana ba na gani. Fushin da na taho da shi bai ragu ba, gida kawai ya juya.

Na tarar da maigidana a kicin yana ɗumama mata miya. Na tura ƙofa na rufe.

“Na je kantin,” na ce.

Ya kashe wuta. Bai tambaye ni wane kanti ba.

“Kana tsaye aka ce haɗari ne. Kana tsaye. Ka dawo gida 'yarka ta tambaye ka, ka ce mata haka ne.”

“Ki saurare ni. Yayanki ne fa. Surukina ne. Ya zan yi in ƙaryata shi a gaban yarinya, a cikin gidana, ga shi kyauta ya yi? Na yi niyyar in ya koma in gaya mata, in canza mata wani. Ban san za ku je ranar Lahadin nan ba.”

“Ka sani. A gabanka ta ɗauki jakar, har ka ce a dawo lafiya.”

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “Na zaci kwana kawai za ta sha. Kunya ce ta hana ni, wallahi.”

Na ce, “Kunya? Ka ji kunyar Yaya, ba ka ji tsoron ƙafar 'yarka ba? Ni ba zan gaya mata ba. Kai ka ce mata haka ne, kai za ka je ka ce mata ba haka ba ne.”

Ban jira amsarsa ba na sake saɓa jakar na fita, na nufi masaukin Yaya. Matarsa da suka zo tare ce ta buɗe mini ƙofa, tana ganin fuskata ta matsa gefe. Yaya yana zaune a falo, ana haɗa masa kaya don jibi zai koma. Na yi sallama, amma ban durƙusa ba, karo na farko a rayuwata. Na shimfiɗe katakan a kan kafet a gabansa.

“Lafiya?” ya ce.

“Yaya, daga kantin nake. Mutumin ya gaya mini yadda kuka yi.”

Ya gyara zama. Ko gezau. “To, tunda kin ji. Ke kin san abin da ake faɗa a gida tun da kika tura bidiyonta a group ɗin dangi na waya? 'Ya mace ta fara zama budurwa tana wulwulawa a sama, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma. Ke da mijinki kun zuba mata ido. Na ce in ta ga katakon bai yi mata ba za ta haƙura da kanta, ta tsaya a tseren, ba faɗa ba hayaniya. Ba wanda ya nufe ta da ciwo. Abin da ya faru ƙaddara ce.”

Wannan kalma ita ta ƙarasa ni. Na ce, “Na yi imani da ƙaddara, Yaya, kai ka koya mini. Amma kai ka shiga kanti da ƙafarka, aka ce maka haɗari ne ka ce shi kake so. Kai ka dubi idonta ka ce sabon yayi ne. Da ka kira ni ka ce ba ka son wasan, da mun yi magana. Da ka ce mata ka hana, da ta yi kukanta ta share hawaye, ƙafarta lafiya. Ka san me take faɗa a motar asibiti? Kada a gaya wa Kawu, zai ji ba daɗi.”

Ya miƙe tsaye. “Ni kike ɗaga wa murya? Ni da na riƙe ki?”

“Kai ka riƙe ni, kuma ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. In za ka hana ni abu a fuskata kake hana ni. Shi ya sa na sake jiki na ba ka tawa.”

Sai ya juya mini baya ya ce in fita masa daga gida. Na fita, na bar masa katakansa.

Kafin ya sauka Abuja labari ya riga shi isa. Wayata ba ta huta ba. Gwaggonnina, matan 'yan'uwa, har waɗanda rabon da su kira ni tun sunan yarinyar, kowa da abin da yake faɗa: zaman Turai ya lalata ni, na tsaya a kan Yaya ina nuna masa yatsa, in gaggauta ba shi haƙuri. Zancen ƙafar kuwa sai a ƙarshe, a ce af, ya mai jikin? Wata ma cewa ta yi ai gara da ta karye, yanzu sai ta zauna a gida kamar 'ya'yan mutane. Na kashe wayar a kunnenta, kuma har yau ban yi nadama ba.

Maigidana ya shiga ɗakinta da yammacin ranar da muka yi maganar. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya zauna a gefen gado ya gaya mata komai, bai rage ba, wannan kam na shaide shi. Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce da Turanci, “Ashe ba ni na yi kuskure ba.” Ya ce a'a. Ta ce, “Na gaya muku wutsiyar ba ta tashi ba.” Ya ce kin faɗa. Sai ta ja bargo ta ce barci take ji.

Ƙashi ya haɗe a kan lokacinsa, aka cire ɗaurin, aka shiga gashin ƙashi. Abin da ya daɗe bai haɗe ba shi ne tsakaninta da ubanta. Ba ta yi masa rashin kunya ba ko sau ɗaya, tana gaishe shi, tana kai masa shayi. Amma ko cewa ya yi yau za a yi ruwa, sai ta duba waya. Yarinyar da komai sai ta ce Abba ya ce, ta daina tambayarsa komai. Yana gani, yana ji a jikinsa, ni kuma ban tausaya masa da wuri ba.

Da sanyi ya sake zagayowa likita ya ce tana iya komawa wasan. Ni a raina na so ta ce ta haƙura, amma na gaya mata haka a fili, na ce tsoro nake ji, ta ce ita ma tana ji, amma tana so. Muka koma kantin nan, ni da ita da kocin. Ubanta ya ce zai zo, ba wanda ya ce masa eh ko a'a, ya biyo mu. Wannan karon ita ta yi magana. Ta sa aka sauko mata da katakai kala-kala, ta tsayar da kowanne a gefenta ta ga tsawonsa, ta danna tsakiyarsa da hannu ta ji taurinsa, ta duba wutsiya ta sake dubawa. Ta tambayi mai gemun abin da kowanne ba ya iyawa, ba abin da yake iyawa ba. Wanda ta ɗauka ba kyakkyawa ba ne, wani ruwan toka ne, amma irin wanda ta nema tun farko ne. Da muka fito ubanta ya miƙa hannu zai ɗauki jakar. Ta ɗan yi jim, sannan ta sakar masa.

A tseren ba ta taɓa zuwa ta ɗaya da sababbin katakan ba, tsakiya take fitowa, wani lokaci sama da haka. A park kuwa ta daɗe tana tsalle ta dira da gaba kawai. Ranar da ta sake juyawa ta dira da baya ina wurin, na rufe ido, sai tafin yara na ji.

Ni da Yaya mun yi kusan shekara ba ma magana. Da Sallah ta zo na kira na gaishe shi, don ba zan yanke zumunci ba, amma haƙurin da aka ce in ba shi ban bayar ba, shi ma bai ba ni ba. Daga baya ne 'yata ta gaya mini ya kira ta a wayarta, ya yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ya ce, “Uwata, Kawu bai kyauta ba.” Ta ce masa ba komai. Muna gaisawa yanzu, yana zuwa gidana yana cin tuwona, ina girmama shi. Amma ban sake barin wani ya yanke hukunci a kan 'yata a bayan idona ba, ko wane ne shi.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. In za ka hana yaro abu, ka dube shi ka hana shi, ya ji haushinka, ya san inda ya tsaya. Kada ka yi masa murmushi ka miƙa masa abin da ka san zai kayar da shi. Kunyar manya kuma tana da kyau, da ita aka raine mu, amma duk kunyar da za ta sa ka yi shiru kana kallo a cuci ɗanka, to ba kunya ba ce, tsoro ne. Kuma in yaro ya ce maka abu ba daidai yake ba, ka tsaya ka duba kafin ka ce masa ya yi godiya.